Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

A filin dillalan mota da ke bayan tashar jirgin Kafanchan, wani dattijo yana zagaya wata jar mota mai faɗin ƙirji, ƙirar Amurka, hannayensa a baya kamar mai tsaron jarrabawa. Rigarsa ta sha guga, ga garin alli a bakin aljihu. Da gani malamin makaranta ne daga ƙauyukan Kagoma. Can gefe tsohuwar fijonsa ce da ya kawo musaya, da tabarma shimfiɗe a kujerar baya, inda ake kwantar da marasa lafiyan ƙauye in za a kai su asibiti.

Ya iya zaɓen lokaci. Wahalar fetur ta sa manyan motoci sun yi kwantai, ga cittar da yake nomawa ta yi daraja bana. Da alama shekaru ya yi yana jiran wannan watan.

Dillali ya miƙa masa makulli. Ya shiga, yana murzawa injin ya yi ruri, har masu tallar ayaba suka waiwayo. Murmushi ya kufce masa, ya yi saurin rufe baki.

Sai wata tsohuwa 'yar ƙauyensu mai kwando a ka ta sunkuyo ta taga.

"Baba Tica, ƙofa biyu ne kawai? Idan haihuwa ya tsananta ma mace a gari, ta ina za mu sa ta?"

Ya kashe injin. Ya fito a hankali, ya zaro hankici yana goge duk inda yatsunsa suka taɓa, bai yarda ya haɗa ido da ita ba. Makullin dai yana dunƙule cikin tafinsa, ya kasa mayarwa.