Kitse a Hanjin Maigidana

Maigidana tela ne a Fagge, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Sai da ya kwana uku bai yi bayan gida ba sannan ya faɗa mini, shi ma don na ga ya ture tuwo ya dafe ciki. Shekaru kaɗan ke nan kafin 'yancin kai, ina goyon fari.

Abin da kowace mace a unguwarmu za ta yi shi na yi. Na dafa filasko na jefa kanwa, na tsaya a kansa sai da ya shanye, har ina yi masa tsiya, wai ƙato da shi yana yatsina fuska. Kafin la'asar cikinsa ya kumbura kamar ganga. Ya yi ta amai kore, daga baya mai warin da ba na son faɗa. Tsoro ya kama ni.

Surukata ta ce asibiti kam a'a, wanda ya shiga hannun masu wuƙa a makara yake fitowa. Ana haka sai ga wata Kirista 'yar Zariya da ke zaune a Sabon Gari ta zo karɓar ɗinkinta. Ta taɓa aikin jinya. Ta kara kunne a cikinsa, ta ce hanji ne ya toshe, in muka kai gobe sai dai a nemi likkafani. Surukata ta ɗauki mayafinta. A amalanke aka tura shi asibiti.

Muna gindin bishiya har aka gama aikin, ni dai salati kawai nake iyawa. Likita ya fito tare da mai yi masa tafinta, riƙe da wani kwano, a ciki dunƙulen kitse rawaya kamar ƙwan agwagwa. Ya ce ba ciwon daji ba ne, kitse ne ya tsiro cikin hanji ya tare hanya. Maigidana zai tashi, amma sun yanke wajen da ya yi baƙi a hanjin, kuma maganin wankin cikin da ya sha saura ƙiris ya fasa hanjin. Ya tambaya wa ya ba shi.

Surukata, wadda a gabanta na dafa, ko kallona ba ta yi ba.

"Ni ce uwarsa," in ji ta, "ni na ba shi."

Har ta koma ga Allah ba mu taɓa tayar da maganar ba.