Hannuwana da Jinyar Inna

Daga alwala ciwon ya faro mini, 'yan shekaru bayan aurena. Sai in wanke hannu, in kai ga fuska, zuciyata ta ce ban cuɗa tsakanin yatsu ba, in koma farko. Daga baya ya bar wajen buta ya bi ni ko'ina: mariƙin ƙofa, tsintsiya, bakin zanena idan ya share ƙasa, komai najasa nake gani a jikinsa. Hannuwana suka tsattsage don sabulu. Masu kurar ruwa kuwa babu gidan da suka sani a lungunmu na Goron Dutse kamar namu.

Maigidana, wanda ke sayar da kayan roba a Ƙofar Wambai, ya fara kai ni wajen wani dattijon malami na unguwa. Malam ya saurare ni, ya ce kokwanto ba ya karya tsarki, addini kuma sauƙi ne. Duk na san wannan, ni ma na yi Islamiyya, amma sanin bai taɓa hana hannuna komawa kan buta ba. Da muka sake komawa, shi da kansa ya ce a haɗa da asibiti, addu'a ba ta hana neman magani.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce sanannen ciwo ne, ba rashin imani ba ne, ba kuma hauka ba. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta kuma ba ni aiki: in taɓa abin da nake ƙyama, in zauna ban wanke ba, har tsoron ya sauka don kansa. Maigida kuma ta hana shi amsa mini idan na tambaye shi ko abu kaza yana da tsarki. Na sha yin fushi da shi a kan haka. Amma watannin farko na ga sauƙi ƙwarai. Na koma cin tuwo kwano ɗaya da yarana, magariba ta daina kuɓuce mini ina tsugune gaban buta.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tsakiyar tafiyar. Na warke daidai yadda mutane suka daina yi mini sannu, amma ban warke yadda zan huta ba. Kullum da safe faɗan jiya ne ke jirana, kuma babu mai ganin ana yin sa. Na gaji. Ana cikin haka damina ta yi ƙarfi, aka tafka wani ruwa da rana, kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan ya biyo soro ya malale tsakar gida. Na wanke daɓe, na wanke bango, na zubar da tabarmi, na sake wanke abin da na riga na wanke. Cikin 'yan kwanaki na koma inda na fito. Kunya ta hana ni komawa asibiti. Na ce wa kaina wahalar banza na sha.

A cikin wannan hali ne Inna, mahaifiyata, ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Aka dawo da ita gidanmu na gado, wajen Ƙofar Ɗan Agundi, Yayata da matar wanmu suka raba jinya tsakaninsu. Ni ko tambayata ba a yi ba. Ba don ƙi ba ne, kowa ya san halin da nake ciki. Nakan zo in zauna kan kujera daga bakin ƙofa, hannuwana a cikin hijabi, in yi mata sannu daga nesa kamar baƙuwa.

Wata rana da hantsi Yaya ta fita sayen magani, aka bar ni da Inna. Can sai na ga tana mutsu-mutsu, na kuma ga shimfiɗarta ta jiƙe. Ta san na gani. Na miƙe, na yi taku ɗaya na tsaya. Sai ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito.

"Zauna abinki. Yayarki na hanya."

Na koma na zauna. Tana kwance cikin jiƙa tana lallashina da ido, har Yaya ta dawo ta gyara ta. A adaidaita sahu, kan hanyar gida, na ja hijabi na rufe fuska na yi ta kuka.

A makon na koma wajen likita, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce komawa baya yana cikin jinyar wannan ciwo, kuma abin da na koya bai ɓace ba. Na ba ta labarin Inna. Sai ta tambaye ni me nake so in iya yi, ba me nake so in daina ba.

"Ina so in yi jinyar uwata," na ce.

Ta ce to nan za mu dosa, amma da kaɗan-kaɗan. In fara da shafa mata man zafi a ƙafa, in wanke hannu sau ɗaya kamar kowa. In na saba, in koma ba ta kunu da goge mata baki. Daga nan wankin zannuwa.

Na sami Yaya a kicin na ce ta sa ni cikin masu jinya. Ta daɗe tana kallon hannuwana.

"Za ki iya kuwa? Kada mu tashi da marasa lafiya biyu."

"Ban sani ba, Yaya. Amma in kin ga na wanke hannu sau ɗaya, ki ɗauke butar, ko da zan roƙe ki."

Haka kuwa ta riƙa yi, ba sani ba sabo. Nakan zauna gefen Inna, tafin hannuna na zafi kamar na dafa garwashi, zuciyata na lissafa mini duk abin da na taɓa. Tsoron bai ragu da wuri ba. Abin da ya sauya shi ne, da can ina faɗan ne don in rabu da wani abu, kuma duk ranar da ya dawo sai in ga na faɗi. Yanzu kuwa akwai mai jirana. Akwai ranar da na koma gida na yi ta wanka har ruwan randa ya ƙare, na kwanta ina cewa shi ke nan, na bari. Da gari ya waye na tuna kunun Inna yau a hannuna yake, kuma matar wanmu tana cika masa tsami. Na saka hijabi na fita.

Sai da sanyi ya shigo na iya canza mata shimfiɗa ni kaɗai. Na juya ta yadda na ga Yaya na yi, na goge ta, na ɗaura mata busasshen zane. Ina tsammanin za ta sa mini albarka. Sai ta duba ɗaurin, ta taɓe rabin bakin da ke motsi, ta ce har yanzu ban iya ɗaurin zane ba. Yaya na daga tsakar gida ta ji, ta yi ta dariya.

Inna ta yi azumi ɗaya tare da mu a kwance, ta rasu bayan ƙaramar salla. Da aka share makoki na sake yin sanyi, don ban san kuma me zan tashi dominsa ba, wankin ya ɗan dawo na wasu makonni. Wannan karon dai ban ɓuya wa likita ba. Muka nemi wasu abubuwan, ƙanana: in yi wa ƙaramar 'yata kitso da hannuna, in je suna in ci abin da aka zubo wa kowa. Har yau ina shan maganin, waswasin kuma yakan leƙo, musamman in na gaji ko an yi ruwa. Kitson ma shuku kaɗai na iya, yarinyar tana ta ƙorafi wai ƙawayenta sun gaji da ganinsa a kanta.