Ƙyauren Ɗakina da Wuƙar Likita

A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zaftare albashi har ma'aikata suka daina ɗinka sabbin kaya sai faci, bayana ya riƙe. Ni tela ne a unguwar Birketeri, na fi shekara ashirin ina duƙe a kan keke. Likita ya ɗaga hoton ƙashina ya ce akwai maganar aiki, amma kafin a kai ga wuƙa sai na gwada wata uku: tafiya da ƙafa, gashi da ruwan ɗumi, kwana a kan katako, ban da ɗaukar kaya mai nauyi. Ya rubuta da Faransanci. Na sa mutum biyu suka karanta mini, don kada ɗaya ya tsallake layi.

Wuƙar nan ita ce ta hana ni sakat. Kullum na taka har unguwar Nkomkana na dawo, in na yi shakkar lissafin mintina sai na sake daga farko.

Katako ne matsala. Gadona na ƙarfe ne mai lotsawa, katakon da na mallaka mai tsawona kuwa ƙyauren ɗakina ne kawai. Bayan sallar magariba sai na cicciɓo shi na shimfiɗa, mu saki labule. Da asuba kuma na mayar, domin a lokacin wanda aka ga ɗakinsa ba ƙyaure, kafin azahar labari ya kai kasuwar Mokolo cewa ya fara sayar da gida gunduwa-gunduwa.

Wata safiya na makara. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta leƙo, ta gan ni miƙe samɓal a kan katako, lulluɓe da farin mayafi. Ta rafka salati.

"Lafiya lau yake, Iya," in ji matata. "Magani yake sha."

"To Allah ya sa ya tashi daga maganin!"

Wata uku suka cika, ciwon baya sai abin da ya ƙaru. Likita ya jawo takardar sa ranar aiki, ya ce in faɗa masa yadda nake yi. Na zayyana komai, har ranar da ruwan gashin ya huce.

Ya ajiye biro. "Baba, ƙyauren nan nauyinsa nawa?"

"Da ƙyar nake rungumo shi, dokta."

"Sau biyu a rana? Ɗakin naka ba shi da ƙasa ne?"

"Akwai. Amma katako ka rubuta."

Ya mayar da takardar aljihun tebur, ya ƙara mini wata uku a kan tabarma. Kafin su ƙare ina ruku'u ba tare da na dafa bango ba, ba a kuma sake zancen wuƙa ba.

Sai dai bai soke kalmar katako a takardarsa ta farko ba. Saboda haka na samo guntun allo wajen kafinta na tura ƙarƙashin tabarmar, yana nan har yau.