Guntun Ƙarfen Da Na Kafa A Jikin Dogon Yaro

Lokacin ina goyon ɗiyata ta biyu, a ƙauyenmu kusa da Unguwar Lalle, ba abin da ke hana ni sukuni irin dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Wani reshensa ya ranƙwafo bisa ɗakina. Da hadari ya haɗu sai in kwashi yara in koma zaure, ana yi mini dariya. Ni na yi ta yi wa maigidana naci har ya shawo kan mahaifinsa aka yarda a sare shi, a fitar da katakon rufi.

Aka ɗauko wani mai injin yankan katako daga wajen Isa, magidanci mai fara'a. Ya kada icen lafiya lau. Kafin ya soma tsaga gindin, ina bayan zana na ji yana tambayar surukina ko an taɓa buga ƙusa ko wani ƙarfe a jiki, don sarƙar injin in ta ci karo da ƙarfe tsinkewa take. Tsoho ya ce shi ya dasa icen nan da hannunsa, ko allura babu a ciki. Mutumin ya yi dariya, ya ce Baba ya yi haƙuri, ya tambaya ne don ba a sayar da ido a kasuwar Isa.

Ni kuwa na san akwai ƙarfe a ciki. Shekarar da aka kawo ni gidan na kafa guntun rodi a gindin, ina ɗaure akuyata. Akuyar ta mutu, ɓawo ya haɗiye ƙarfen, sai ɗan ƙulli da ni kaɗai na san mafarinsa. Na miƙe za ni magana, sai na fasa. Ban taɓa ɗaga murya gaban surukina ba, balle in ƙaryata shi gaban baƙo. Maigidana kuma yana gona. Na ce wa raina ƙila injin ya kauce wa wurin, na koma ga dakana.

Katako biyu mai injin ya fitar. A na uku ƙarar ta canza, sai salati. Sarƙar ta tsinke ta zabge shi a fuska. Da na leƙa, jini na gani ya jiƙe garin katako. Har Sakkwato aka kai shi, amma idon dama bai dawo ba. Ya bar sana'ar, ga 'ya'ya biyar. Da aka tono ƙarfen surukina ya yi ta rantsuwa, duk da haka wasu suka ce ya sani ya ɓoye. Tun ranar bai koma zama majalisa ba. Ni ce nake kai masa tuwo, yana sa mini albarka.

Har yau ban faɗa wa kowa ba, sai ku. Na gane kunyar da ta bar mutum ya nakasa ba ladabi ba ce, tsoro ne. 'Yan'uwana mata, in kun san abin da zai cutar da wani, ku faɗa, ko gaban wa. Ku kuma taya ni addu'a Allah ya ba ni ƙarfin zuwa Isa in nemi gafarar bawan Allah nan, in wanke tsohon nan tun yana da rai.