Wa-Ya-Ce da Wasan Autanta

Da hantsi ya leƙo ta taga ya kwanta a gefen teburinta, za ka same ta ta ture kofin shayi gefe, ta goge tabarau da bakin mayafi, tana jiran tsohuwar kwamfutarta ta gama tari ta farka. Ba ta gaggawa. Labule na lilo, maƙwabta na shanya, ita kuwa hankalinta ya riga ya lula: yau tana wani birni mai shawagi a kan gajimare, gobe tana ƙarƙashin teku inda fitilu ke iyo. Duk wannan tafiya ko takalmi ba ta sa ba.

'Ya'yanta ne suka laƙaba mata Wa-Ya-Ce, sunan kuma ya bi ta har cikin kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Ta daɗe tana kula da wani lungu a cikinsa, irin lungun da mutane ke wucewa ba su tuna akwai mai share shi ba. A shafin kowane wasan bidiyo akwai sashen da ke bayyana yadda masu sharhi suka karɓi wasan, wa ya yaba, wa ya kushe, da dalilin kowa. Wannan sashen ne aikinta, kyauta, babu mai biyan ta. Kwanan nan ta sanar da abokan aikinta cewa za ta huta, yatsu sun fara yi mata gardama. Gara a jinjina mata tun tana ji da kunnenta.

Farkon abin ma dariya ne. A lokacin mai buga takardu ce a wani ofis, ta sayo wa yaranta tsohuwar na'urar wasa don su rage yawon unguwa. Ta zauna gadinsu, wai tana son ganin abin da suke kallo, ba a jima ba ita ce ke cewa a miƙo mata rimot ta gwada. Wata rana babbar 'yarta ta karanto mata daga kundin cewa kowa ya yarda wani wasa ya fi duk wasannin duniya. Ta ɗago kai. “Wa ya ce? Shi kowa ɗin nan ɗan gidan wane ne?” Yara suka kwashe da dariya, ita ko a jikinta. Ta koyi yadda ake gyara shafi, ta cire “kowa”, ta sa sunayen waɗanda suka faɗa da inda suka faɗa.

Tana da wata ƙa'ida da abokan aikinta ke yi mata tsiya a kai: ba ta buga wasa sai ta gama rubuta sashensa. Ta ce idan ta riga ta shiga ta ƙaunace shi, hannunta zai yi nauyi wajen kwafo suka. Don haka sai ta tara sharhin mujallu da na shafuka, ta zauna tana jin labarin wata duniya daga bakin baƙi, tana gina ta a ranta, kogi a nan, hasumiya a can, da wani kiɗa da aka ce yana sa ƙwalla. Sai ta ɗiga aya ta ƙarshe sannan ta kunna, ta je ta duba ko mafarkinta ya yi kama da abin da ke can. Abin da ta gano kuwa ba ta gaya wa kowa. Ko a gida aka matsa mata, cewa take, “Ni fa ba mai sharhi ba ce. Kujeru nake jera wa masu magana.”

Ke ce, Wa-Ya-Ce, kika hana a goge shafin wani tsohon wasa da duniya ta manta, kika bi masu tsofaffin mujallu rumfa-rumfa har kika samo sharhin da gara ta fara ci. Ke ce masoyan wani wasa suka yi wa ca don kin ƙi cire suka, kika amsa wa mafi zafinsu da cewa, “Sannu da ƙoƙari. Kawo inda aka rubuta yabon, mu sa shi kusa da sukar.” Wani abokin aikinki da bai taɓa ganin fuskarki ba ya ce duk sashen da kika taɓa, mutum kan karanta ya fito bai san ɓangaren da kike ba.

Amma babbar jarrabawar daga cikin gida ta fito. Autanta ya bar aikin ofis, shi da abokansa suka kwashe shekaru suna haɗa nasu wasan. Wasan ya fito, masu sharhi suka rabu. Wasu suka ce hotunansa na ratsa zuciya. Wani fitacce a cikinsu kuwa ya ce tsakiyar wasan doguwar tafiya ce mai gundura, ba a gudu, ba a tsallakewa. Wani mai gyara da ba su sani ba ya buɗe wa wasan shafi, ya sa yabon, ya sa sukar.

Auta ya zo da rana tsaka, ya zauna a bakin gado yana juya makulli a hannu.

“Umma, layi ɗaya ne fa. Ke a can kowa na jin maganarki. Ki ɗan rage masa kaifi mana.”

“Mutumin ya faɗa, ko bai faɗa ba?”

“Ya faɗa, amma ai...”

“To ni ko waƙafi ba zan taɓa a shafin nan ba. Ɗana ne ya yi wasan, hannuna ba zai yi adalci ba.”

“Shi ke nan, na ji. To ke me kika gani a ciki?”

Ba ta buga wasan ba. Ƙa'idarta ce ta ɗaure ta: ba ta buga wasa sai ta rubuta sashensa, wannan kuwa ba za ta taɓa rubutawa ba. A ƙarƙashin ƙa'idar kuma akwai tsoro, kada ta shiga ta tarar mai sukar ya yi gaskiya. Auta ya dube ta, ya fahimta, ya miƙe ya ce sai an jima. An jimar nan ta yi tsawo. Ya daina zuwa, gaisuwar waya ta koma kalma biyu, abin kuma ya ci ta ƙwarai. Ta ci gaba da jera maganganun baƙi a shafukan baƙi, ranta na wani wuri.

Matar Auta ce ta zo ta warware mata. Tana ninke mata wanki ta ce, “Umma, ki yi haƙuri in faɗa. Shi fa ba layin ne ya dame shi ba. Duniya duk ta shiga wasan nan ban da ke.”

Washegari ta karya ƙa'idarta. Ta kunna, ta tsinci kanta a wata ƙasa mai hazo, tsuntsaye na tafiya a ƙasa, itatuwa na ɗauke da fitilu maimakon 'ya'ya. Ta haye gada, ta buɗe ƙofofi, har ta iso tsakiyar da ake magana. Wata doguwar baranda ce mai farin fenti. Saurayin da take sarrafawa yana riƙe da hannun wani dattijo, dattijon na ɗaga ƙafa da kyar. Ta danna gudu, bai yi ba. Idan ta matsa, sai dattijon ya tsaya ya dafa bango, dole ta jira shi. A tsayawa ta gaba ya juyo ya gyara wa saurayin wuyan riga, nan take ta gane wurin. Barandar asibiti ce. Haka Auta ya riƙa zagayawa da mahaifinsa a watanninsa na ƙarshe, haka kuma marigayin ke gyara masa wuyan riga duk sanda ya tsaya hutawa. Ba ta sake danna gudu ba. Ta bi su a hankali har ƙarshen barandar, tana kuka.

Ta ɗauki waya.

“Auta, na buga.”

Ya ce, “Me kika gani?”

“Mutumin nan ya yi gaskiya, tafiyar ta yi tsawo, ba a gudu. Haka ta yi mana tsawo a lokacin. Kada ka rage ko taku ɗaya.”

Shi ne sharhi na farko da aka taɓa ji daga bakinta, kuma ba za a same shi a kowane shafi ba. Da yamma Auta ya shigo, bai tayar da zancen shafi ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe bai ɗago ba. Layin sukar yana nan har yau yadda mai shi ya faɗe shi.

Mun gode, Wa-Ya-Ce, uwar adalci. Allah ya saka miki, ya ba yatsun nan sauƙi. Ku kuma da za ku gaji aikinta, ku ba mai yabo da mai suka wurinsu, kada ku tausasa wa naku abin da ba ku tausasa wa baƙo ba. Amma idan naku ya yi abu, kada ku daɗe kamar yadda ta daɗe. Ku shiga ku gani da idonku, ku kira shi ku gaya masa.