Kwatancen da Ya Fi Ƙiftawar Ido Sauri

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, ɗaki guda muka kama haya a Yelwa ni da wani abokina, mutumin kudancin Bauchi, mai cika baki kamar rediyon mai shayi. Aikinsa na kammala karatu a kan manyan kwamfutocin nan ne irin na bankuna, da ake ba ɗalibai damar shiga daga nesa. Wai ya ƙirƙiro sabuwar hanyar kwatanta lambobi, a gane wacce ta fi girma. In aikin bai karɓu ba, sai ya maimaita shekara.

Ya rubuta shiri mai kwatanta lambobi bila adadin, don ya auna saurin hanyar tasa. Ya miƙa wa kompaila, manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren inji. Yana danna maɓalli, aiki ya ƙare. Agogo ko motsi bai yi ba.

"Mutumina, na kashe Turawa!" in ji shi.

Daga ranar muka shiga uku. Ya daina wanke kwano, wai hannun masana ba na omo ba ne. Ya je kasuwar Wunti aka ɗinka masa kwat mai ƙyalli. Har mai keke sai da ya yi wa bayanin aikin, bawan Allah ya wuce layinmu don ruɗewa. Haushi kamar ya kashe ni, domin wallahi na yarda da shi, ga ni da ɗan aikina na tsiya.

Ranar kare aiki na zauna a baya. Ya danna, aiki ya ƙare nan take, ya juyo yana gyara kwala. Wata malama cikin masu jarrabawa ta ce, "To madalla. Ina amsar?"

"Malama, ai sauri ake aunawa."

"Na ji. Ƙara layi ɗaya, ta nuna mana sau nawa lambar farko ta fi ta biyu girma."

Ya ƙara, ya danna. Wannan karon aiki ya ƙi ƙarewa. Fanka na juyawa, kwat na jiƙewa.

Malamar ta yi masa bayani a hankali. Shi kompaila ba ya son wahalar banza. Da ya ga ba wanda ya nemi amsar, sai ya share kwatancen gaba ɗaya, ya miƙa wa injin shiri fanko. Watanni abokina yana auna saurin rashin yin komai! Dariya ta ƙwace min har aka kore ni waje.

Da amsar ta fito, ashe hanyarsa ta fi ta kowa tafiyar hawainiya.

Dariyata ba ta yi nisa ba, domin aikin nasa bai karɓu ba. Ranar da zan bar Yelwa, shi ya ɗaura min katifa a kan keke, ya ja igiya da kyau. Ya ce, "Ka gaida gida." Muka ɗaga, na waiwaya, na gan shi tsaye a ƙofar ɗakinmu da makulli biyu a hannu, sai kawai hawaye ya zubo min.