Lauyar da Ke Aiken Mutane Sayen Burodi

Kafin shagunan titinmu su buɗe, Doña Eulalia Barrientos ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan coci. Takan fito da jaka a kafaɗa, filas ɗin kofi a hannu, ta buɗe ɗan ɗakin da cocin ya ara mata, ta kunna fanka, ta jera kujerun roba a bakin ƙofa. Ba ta gama jerawa sai an cike su. Galibi tsofaffi ne, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a gonakin albasa da na lemu na nan kudancin Texas, yanzu kuma takardun Turanci ke bin su har gida suna hana su barci. Kowa da ledar takardunsa. Kowa da ɗa ko 'ya a gefe, mai yi masa tafinta.

Lauya ce. Da ta so, da tana can Houston a saman bene mai sanyi. Ta zauna a Weslaco tana duba matsalar wanda mai gida ke neman kora, da wadda aka tsayar wa kuɗin tsufa, da wanda bai san yadda zai bar wa 'ya'yansa fili ba tare da sun maka juna a kotu ba. Ba ta karɓar ko senti. Wanda ya matsa, sai ta ce ya kawo mata tamal, wato ƙullin masara da ake dafawa a naɗe cikin ɓawonta, ranar Kirsimeti, kada dai ya cika barkono.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Gwiwoyinta sun ce ya isa haka. Ni ba gwanin yabo ba ne, ita ma ba ta son sa. Amma akwai abu guda da take yi wanda ba a koyarwa a makarantar lauyoyi, kuma ina gudun kada ya tafi tare da ita.

Tana aiken mutane sayen burodi.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san wannan. Ka kawo tsohonka, kana ta bayani, tana saurare tana gyaɗa kai. Can sai ta dafa ciki, ta ce yau ko karyawa ba ta yi ba, ka taimaka ka sayo mata burodin zaƙi. Ba na shagon tsallaken titi ba, wai nasu yana sa ta ƙwarnafi. Na gidan burodin da ke bayan layin dogo take so, inda layi ba ya ƙarewa. Kafin ka dawo, ta ji abin da tsohonka ya kasa faɗa a gabanka.

Tsofaffinmu ba sa ce wa ɗansu a'a a gaban baƙo. Ba tsoro ba ne, kara ce. Yaro ya bar aikinsa, ya ɗauko ka a mota, yana ta fassara maka, da wane baki za ka musa masa a gaban lauya? Sai ka ce to. Ka sa hannu. Ka koma gida ka haɗiye.

Don Anselmo Zúñiga ya yarda in ba da nasa labarin.

Bara ya faɗi a banɗaki. Matarsa Socorro ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne a gidan katakon da ya gina da hannunsa. Yana kwance a ƙasa tun safe har rana ta karkata, sai da maƙwabcinsa Don Fidencio ya gaji da jiransa a teburin wasan domino ya leƙa. 'Yarsa Griselda, ma'aikaciyar jinya a Houston, ta iso a ranar, idanunta jajur. Kada wani ya karanta wannan ya zage ta, ba muguwa ba ce. Ta gyara masa ɗaki a gidanta, ta sa aka kafa masa ƙarafan riƙewa a banɗaki, ta samo mai sayen gidansa. Abin da ya rage takarda ɗaya ce, wadda za ta ba ta ikon sayar da gidan da sunansa.

Ranar da suka zo wurin Doña Eulalia, Don Fidencio ya biyo su ya zauna a kujerun waje, ko da yake ba shi da wata matsala.

"Ka tafi birni ka huta, tsoho," in ji shi. "Dama ka gaji da shan kashi a hannuna."

"Ji wanda na koya wa riƙon domino," in ji Don Anselmo. "Ina tafiya za ka koma wasa da kajinka, su ma su cinye ka."

Don Fidencio ya yi dariya, ya kau da kai ya daɗe yana fyace hanci.

A ciki Griselda ta yi bayani tiryan-tiryan, da Turanci da Sifaniyanci. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Doña Eulalia ta juya wurin uban. Ya fahimta? To, Lauya. Ya yarda? Duk yadda yarinyar ta ce, Lauya. Hularsa na kan gwiwa yana juya bakinta da yatsu. Abin da ya tsaya wa Doña Eulalia a rai ba hular ba ce, rigar ce. Farar riga ce mai guga, wadda kowa a unguwa ya san ba ya sa ta sai za shi jana'iza.

Sai ta dafa ciki.

Griselda ta bar gari tun kafin a san da wannan dabara. Ta duba agogo, ta ɗauki makullin mota. Tana fita Don Fidencio ya ɗaga murya ya ce a haɗo da nasa, mai kirfa, kuma kada ta yi sauri, na ƙasan tire ya fi daɗi.

Doña Eulalia ba ta taɓa takardar ba tukuna. Ta zuba wa tsohon kofi, ta tambaye shi lafiyar itacen lemun tsamin da ke bayan gidansa, wanda rabin titi ke sata. Nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi yadda sanyi ya kusa kashe shi wata shekara, ya kwana yana lulluɓa masa barguna. Ta bar shi ya gama. Sannan ta gaya masa da harshensu, a hankali, abin da takardar za ta yi: in ya sa hannu gidan zai tafi, kuma ba zai dawo ba. Yana so?



"Yarinyar ta yi kuka, Lauya," in ji shi. "Rabon da in ga ta yi irinsa tun ranar da muka binne uwarta."

"Na ji abin da take so, Don Anselmo. Kai nake tambaya."

Ya fara da ƙanana. Wa zai kai wa Socorro furanni ranar Lahadi? Wa zai ba itacen ruwa? Sai can ya kai ga babbar. A gidan aka haifi Griselda, a hannun ungozoma. Da cibiyarta ta faɗi, Socorro ta naɗe ta a ƙyalle ta miƙa masa, kamar yadda iyayensu suka yi a ƙasarsu ta tsallaken kogi. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne, ya dasa lemun a kai, domin duk inda yarinyar ta je a duniya ta dawo. Bai taɓa gaya mata ba. Yarinya mai ilimin asibiti, ya ji kunyar kada ta yi masa dariya.

"In na sayar," in ji shi, "ina za ta dawo?"

Doña Eulalia ta ce doka ta bar hanya. Akwai takardar da za ta bar gidan a hannunsa muddin yana numfashi, ranar da ya cika ya koma na Griselda ba tare da shiga kotu ba. Akwai wata da za ta ba Griselda ikon magana da likitoci in ya kai inda ba ya iya magana. Fuskarsa ta washe. Ya ce to, in yarinyar ta dawo, Lauya ta yi mata bayani.

"Takarda ni zan rubuta," in ji ta. "A'a kuwa daga bakinka za ta fito."

Ta nuna masa kujerar da Griselda ta tashi, ta ce ya gwada. Ya kalli kujerar, ya gyara zama, ya ce a'a. Kamar tari ta fito.

Ta ce, "Wannan ko kajin Fidencio ba za ta kora ba. Sake."

Ya yi dariya har da hawaye. Ya sake.

Da Griselda ta dawo da kwalin burodi, bai bari ta zauna ba. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "'Yata, ba zan sayar ba. Ba zan je Houston ba."

Ta kalle shi. Ta kalli lauya. Ta kalli kwalin da ke hannunta.

"Ashe ba yunwa kike ji ba."

"Ina ji," in ji Doña Eulalia. "Ba ita ta fi damuna ba."

"In ya sake faɗuwa fa? Ke za ki ɗaga shi? Ni na san yadda ake kawo mana irinsu, bayan sun kwana a ƙasa."

Doña Eulalia ba ta yi mata gardama ba. Ta ce tana da gaskiya, kuma ba wanda zai yi mata alkawarin hakan ba zai faru ba. Amma gidansa ne, hankalinsa garau, kuma ya faɗi abin da yake so. Sai ta bar tsohon ya ba da labarin ramin da ƙyallen da bakinsa. Griselda ba ta yi dariya ba. Ta zauna, ta ajiye kwalin a cinya, ta daɗe tana kallon murfinsa.

Aka kira Don Fidencio. Aka shirya cewa kowace safiya Don Anselmo zai rataya hularsa a ƙofar shinge, ranar da babu hula Don Fidencio ya shiga ba sallama. Za a ciro ƙarafan nan daga Houston a kafa a nan. Zai kuma rataya ɗan maɓallin neman taimako a wuya, ko yana so ko ba ya so. Wannan sharaɗin Griselda ne, ba ta kuma sassauta ba.

"Shekara da shekaru ina tsallake shinge satar lemu," in ji Don Fidencio, "yau ga shi an ba ni makulli."

Griselda ta yarda, amma ba da farin ciki ba. Ta fita ko sallama ba ta yi wa lauya ba.

Ke ce, Doña Eulalia, kika ɗauki wannan fushin kika haɗiye, kika kira na gaba. Ke ce kunnen tsofaffi. Ke ce ba ki taɓa ɗaukar "to" ɗin farko a matsayin amsa ba. Ba duka ke ƙarewa da daɗi ba, mun sani. Akwai tsohuwar da ta ce miki da gaske take son bin ɗanta, kika rubuta mata takardar a take, don ba naki ra'ayin kike nema ba, nata ne. Akwai ɗan da ya gane dabarar a hanya, ya tafi bai dawo ba, ke kika mayar da uwarsa gida a motarki. An zage ki a wasu gidaje. An ce kina raba iyali. Kika ci gaba da jera kujerunki.

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, aka yi mata ɗan taron ban kwana a harabar cocin. Ba jawabi mai tsawo. Tsofaffi suka zo da tukwanen tamal, duk da Kirsimeti da saura. Don Anselmo ya zo da buhun lemun tsami, Don Fidencio na biye yana rantsuwa rabinsu shi ya tsinko. Hular nan ba ta taɓa fashin fita shinge ba. Rigar da ke jikin tsohon shuɗiya ce.

Can sai ga wata mota ta tsaya, ta sha ƙurar doguwar hanya. Griselda ta fito riƙe da babban kwali na gidan burodin bayan layin dogo. Yanzu takan zo duk lokacin da ta samu hutu, maƙwabta sun ce a ƙarƙashin lemun take shan kofinta. Ta ratso mutane ta ajiye kwalin a gaban Doña Eulalia.

"Wannan karon ba ki aike ni ba."

Doña Eulalia ta buɗe, ta shaƙi ƙamshin, ta rufe. "'Yata, bari in gaya miki tunda aikin ya zo ƙarshe. Likita ya hana ni zaƙi tun kafin in yi furfura."

"Na sani," in ji Griselda. "Aikina ke nan. Tun ranar na lura ko gutsura ba ki yi ba. Na masu jira ne."

Aka zagaya da kwalin kujera kujera, kamar yadda aka saba.

Mun gode, Doña Eulalia. Allah ya sassauta wa gwiwoyinki, ya ba ki hutu mai daɗi a cikin naki gidan. Ɗakin nan na bayan coci yana nan, fankarsa na aiki, kujerun na jiran mai jera su. 'Yan unguwarmu da suka karanta doka suka yi nisa, wani ya waiwayo ko da rana ɗaya ce a mako.

Mu kuma da ba mu karanta komai ba, namu ya fi sauƙi. Ranar da ka kai tsohonka gaban lauya ko likita, ka faɗi naka ka gama. Sannan ka tashi ka tafi sayen burodi tun ba a aike ka ba. Ka je na nesa. Kada ka yi sauri.